Tsuntsun da Baushe Ya Yanka

Tun shekarar da Anasara suka kwashi 'ya'yan Baushe biyu ɗaukar kaya zuwa Damagaram, ba su dawo ba, tsohon maharbin ya koma zama shi kaɗai a gefen Filinge, can gindin duwatsu. Ba wanda ya kore shi. Mutane ne dai, in ka daina kawo nama sai gaisuwarka ta gajarce.

Ana nan sai ga wani Anasara, ba soja ba, da raƙuma uku da tafintansa Lawali. Aikinsa abin dariya ne: ya harbo tsuntsu, ya feɗe, ya yar da naman, ya cusa wa fatar auduga, ya ɗaura mata takarda a ƙafa. Gari ya yanke cewa mahaukaci ne. To amma mahaukacin nan shi ya aika a kira Baushe, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, yana ɗaga tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya yana tambayar suna, da abinci, da inda suke ƙwai. Baushe ya yi ta zuba har muryarsa ta dishe. Ya manta rabon da wani ya saurare shi haka. Daɗi ya ji, daɗin da har kunya ya ba shi.

Ran kwana na tara Lawali ya ce, "Baba, akwai ɗan tsuntsun da Anasara yag gani bisa dutsi, toka-toka, mai jan wuya. Ya ce babu shi ga littahin kowa. In an samu, shina zama hab bayan damana. In ba a samu ba, gata mu tahi Tawa."

"Shi zamna," in ji Baushe. "Na san tsuntsun."

Bindiga za ta watsa tsuntsun, don haka Baushe ya murza gashin wutsiyar doki ya ɗana tarko a bakin wani ɗan gurbin ruwa. Yini biyu yana fako a rana. Da la'asar ɗin yini na biyu tsuntsun ya faɗa.

Ya sa shi cikin hula ya kamo hanya, har da ɗan saurinsa na tsufa. Bai yi rabi ba ya ji motsi ya ragu. Ya buɗe, ya ga ido na lumshewa. Baushe bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannun da ya shekara hamsin yana wannan aiki ya juya gabas, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Wuƙar ta barewa ce, wuyan kuwa bai fi tsinke ba.

Anasara ya karɓa, ya juya gawar a tafin hannu, ya daɗe yana duban jinin da ya cuɗe gashin. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Lawali ya ce, "Ya ce wuyan aka biɗa, Baba. Wanga ba shi nuna komi. Don mi kay yanka shi?"

"Mutuwa za shi yi, ɗana. In bar shi shi zam mushe ga hannuna?"

Lawali bai ma fassara ba, ya juya wajen igiyoyin kaya.

"Akwai ɗan'uwanai bisa dutsin," in ji Baushe, Lawali kuwa ya riga ya ba shi baya. "A ba ni kwana ukku."

Washegari da hantsi raƙuma suka miƙe suka yi gabas. An bar masa tsuntsunsa bisa tabarma. Tun da halal ne, bai ga dalilin yarwa ba. Ya kai shi gida ya fige, ya gasa, ya zauna a ƙofar bukka ya ci shi kaɗai. Bai kai loma guda ba.