Kwamfutar Ɓangaren Mata

Tun kafin azahar Gwaggo Asma'u ta iso daga Kiyawa, ta zauna a shagon intanet ɗin da ɗan wanta Sharhabilu yake kula da shi a Yalwawa. Ɗanta Abdulkahar, mai karatu a Sudan, ya yi alkawarin yau zai shiga irin wannan shago ya ɗaga mata jaririyarsa Najwa a kyamara. Da la'asar motarsu za ta tashi zuwa garin da makarantarsa take, inda babu intanet, kuma la'asar ɗin can tana riga ta nan.

A satin nan mai shagon ya sa kafinta Gwadabe ya raba ɗakin da katako, maza nan, mata can, kamar yadda ake ta yi tun da aka fara maganar shari'a. Kwamfuta ɗaya aka mayar ɓangaren mata, aka ɗora mata kyamara. Gwaggo ce ta fara zama a gabanta, sai kwamfutar ta ƙi shiga intanet.

"Sharhabilu, ni fa kaina kawai nake gani a gilashin nan."

"Yanzun nan, Gwaggo."

A ƙa'ida, da an kunna kwamfuta sai ta nemi adireshi a wurin babbar da ke kan teburin Sharhabilu, ita kuma ta ba ta. Wannan ta nema ta ji shiru, sai ta laƙa wa kanta wata lamba mai farawa da 169, wadda ba ta kai mutum ko'ina. Ya umarce ta ta saki lambar ta sake roƙo. Ta yi jim, ta ce ba a amsa ba. Ya kashe, ya kunna. Ya zagaya ya duba babbar, ga shi tana raba wa na maza lafiya lau. Ya dawo ya rubuta mata adireshi da hannunsa, duk da haka shiru.

Gwaggo ta miƙe, ta zauna, ta gyara mayafi, ta sake miƙewa.

"Ko kunya take ji, an kawo ta cikin mata?" in ji Malam Idirisu, wani ma'aikacin sakatariya, daga bayan katakon.

"Wane ne wannan mai bakin?"

"Ɗanki ne, Hajiya. A yi haƙuri."

A kan babbar kwamfuta saƙon Abdulkahar ya faɗo: ina Inna, direba ya fara ɗaure kaya. Sharhabilu ya karanta, bai faɗa mata ba. Ya durƙusa a bayan kwamfutar matan, ya kama wayar da ta haɗa ta da sauran, ya riƙa bin ta da yatsa a gindin katakon. A kwana yatsansa ya ci karo da kan ƙusa. Gwadabe ya kwantar da wayar tsaf don kada mata su yi tuntuɓe, ya bi ta da ƙusoshi ta tsakiyarta, kamar mai kafa labule.

Babu wata doguwar waya a shagon, mai haɗa musu ita kuwa yana Kano.

"Gwaggo, wayar ce ta lalace. Sai dai a can wajen maza."

Ta dubi katakon, ta dubi ƙofa. "Duk cikinsu akwai wanda ban haifi kamarsa ba?"

Kafin Sharhabilu ya amsa sai aka ji ƙarar kujeru.

"Jama'a, ku tashi mu je mu yi alwala," in ji Malam Idirisu. "Yau shagon na mata ne."

"Ai ba a kira salla ba," wani ya ce.

"Mu je mu taya ladan jira."

Sharhabilu ya ciro kyamarar ya kai teburinsa, ya soka ta. Gwaggo ta zauna a bakin kujera, takalminta ɗaya ya rage a ɓangaren mata. Hoton ya zo a hankali, a dusashe: hular Abdulkahar, sannan hannayensa, sannan wani ɗan ƙunshi cikin farin zane. Ya buɗe zanen.

"Matso da ita," ta ce wa gilashin. "Ka ce ya matso da ita."

Sharhabilu ya rubuta. Fuskar ta cika gilashin, ido a rufe, baki na motsi.

"Kunnen Malam ne," ta ce a hankali. "Kunnen kakanta sak."

Abdulkahar ya ɗaga hannu, ya waiwaya baya kamar an kira shi, sai hoton ya tsaya cik. Gwaggo ba ta motsa ba. Malam Idirisu ya leƙo ta ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, Sharhabilu ya yi masa alama da hannu ya ɗan ƙara jira.