Ranar da Likita Maza-maza Ya Yi Sallama

Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu aka yi wa lambar agana a Durba ranar wata Laraba cikin watan Maris na 1958. Mako biyu kafin nan, a gindin tsamiya ɗaya, mutum bakwai kacal suka miƙa hannu.

Likitan bai sauya ba. Sokolov ne, haifaffen Rasha, wanda yaƙi ya raba da gida har ya kama aikin gwamnati a lardin Kano. Mutanen ƙasar Rano, inda Durba take, na kiransa Maza-maza, don ita ce Hausar da ya fara iyawa. Tafintansa Malam Zailani ne, malamin asibiti, shekararsa goma sha tara a bakin aiki.

A zuwan farko likita ya diro daga mota, ya tarar da Sarkin Aska Shitu zaune da dattawa, ya nuna su da yatsa ya ce su yi layi. Shitu ne ya yi wa rabin mazan garin kaciya. Ya naɗe buzunsa ya tafi gida, gari ya bi shi. A makon nan agana ta kashe yara uku a Rurum, wani gari da ke kusa.

A hanyar komawa Durba bayan mako biyu, likita ya miƙa wa Zailani takardar da babban likita ya aiko masa daga Kano. An ja wa wata kalmar Turanci jan layi.

"Na duba ƙamusina na Rashanci, ban gamsu ba," in ji shi da Turanci. "Me suke cewa ina da shi?"

Zailani ya san ba a faɗa wa Bature irin wannan. Ya tuna yaran Rurum.

"Ranka ya daɗe, mutum ne da zai shigo maka gida ba sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya juya. Ko gaskiya ya faɗa, ba ka ji ba."

"Yara na mutuwa, ni in tsaya tambayar lafiyar awaki?"

"Har awakin."

Zailani ya sa direba ya tsaya a bayan gari. Ya karɓi agogon likita ya jefa a aljihu, ya biya masa gaisuwa biyar, ya kafa masa sharaɗi guda: kada ya ambaci lamba sai mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi.

Suka sami Shitu a zaurensa yana yi wa wani aski. Bai ɗago ba.

"Malam Zailani, yau kuma wa za a kora layi?"

Likita ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya tsuguna da ƙyar. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki. Gumi na bin wuyansa. Ta biyar ta ɓace masa.

"Ya awaki?"

Wanda ake wa aski ya tuntsire da dariya, saura kaɗan a yanke shi.

"Tumaki gare ni, Nasara," in ji Shitu.

"To, ya tumaki?"

Aka kawo fura, likita ya sha. Sau biyu ya buɗe baki, Zailani ya yi gyaran murya, ya rufe. Sai da Shitu ya gama, ya goge aska a tafin hannu, sannan ya ce, "Lafiya kuka yo sammako?"

Likita ya miƙa masa 'yar wuƙar lamba. Shitu ya jujjuya ta, ya gwada kaifinta a farce.

"Ashe tsaga ce. 'Yar wannan ai ko jinjiri ba zai farka ba."

Ya aika a kira sankira ya yi shela. Kafin hantsi ya dubi ludayi layi ya wuce tsamiya ya kai bakin rijiya, mata da goyo, Fulanin ruga da sandunansu. Shitu da kansa yake riƙe wa likita hannun yara, yana gyara masa riƙon wuƙa. Zailani na rubuta sunaye har alƙalami ya yi masa kanta. Da la'asar magani ya ƙare saura kwalba guda.

"Baba Sarki, saura kai," in ji Zailani.

Shitu ya dubi likita, ya saki hannun rigarsa ya rufe damtse.

"Ranar da ya zo ya gaishe ni ba kai a bayansa, ma gani."

Har yanzu babban likita a Kano bai tsai da ranar da za su sake komawa Durba ba.