Gurbi Na Takwas

Tun da suka sayar da gidansu suka koma zama a motar-gida, Arlys Tveit ta haƙura da abubuwa da yawa. Ta haƙura da lambunta, ta haƙura da keken ɗinkinta, tukwanen da ta gada wurin uwarta ma ta raba wa 'ya'ya. Mijinta Merle ne ya kafa doka cewa duk abin da ba dole ba, ba zai hau mota ba. Amma da aka zo kan sandunan fatsarsa sai doka ta yi barci. Guda bakwai ya ɗauko, ko kunya.

Ya ƙera musu maratayi a rufin ɗakin kwana, daidai saman gado, mai gurbi takwas. Kowane gurbi ya shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi don kada girgizar hanya ta goge sanda, ya sa roba mai ɗaure kai da gindi. A faɗi gaskiya aikin ya yi kyau. Duk sansanin da suka sauka sai ya jawo maƙwabta su shigo su gani, yana yi musu huɗuba: ba a jingine sanda, ba a kwantar da ita a ƙasa, ba a barin ta a rana, ba a haɗa ta da kayan ƙarfe. Gurbi bakwai nasa ne, na takwas na Arlys.

Sandar Arlys ba abar nunawa ba ce. Bayan shekarun da ta kwashe tana tuƙa motar 'yan makaranta cikin ƙanƙara, sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsun dama har suka daina rufuwa. A hunturunsu na ƙarshe a gida ta zauna da magagari da samfefa, ta sassaƙa wa sandar mariƙi mai kauri daga itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi. Ta yi kwarmi inda babban yatsa zai kwanta, ta bar tudu inda sauran suka ƙi lanƙwasuwa. Sai da ta ɓata uku kafin na huɗu ya zauna mata. Merle dankali yake kiransa. Amma duk faɗin duniya wannan dankalin ne kaɗai hannunta ke iya riƙewa, kuma da shi take ciyar da su soyayyen kifi, don Merle ya fi ƙwarewa a sayen sanda a kan kamu.

Bana kuwa likita a Texas, inda suka yi hunturu, ya juya hannun nan, ya sake juyawa, ya ce mata ta more shi tun yana amsa kira, don shi ba zai yi mata alkawarin baɗi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙudurta a ranta cewa Asabar ɗin buɗe kamun kifin walleye, kafin rana ta fito, tana kan tafkinsu a Minnesota da sandarta a hannu.

Suna hanyar arewa suka tsaya a wani gari a Iowa. Ta shiga gidan wanki da kayan dattinsu, shi kuma ya ce zai leƙa kantin masunta. Da ta dawo ta tarar da shi a kan sitiyari yana fito. Ta san fiton nan, na mara gaskiya ne.

"Me ka saya, Merle?"

"'Yan ƙugiyoyi ne kawai, tsohuwa. Hau mu tafi, rana na yi."

Ba su yi nisa da shiga Minnesota ba wata babbar mota ta wuce su tana danna oda. Can wata ta sake. Sai ga wata mata a ƙaramar mota ta jera da su, tana ɗaga hannu tana nuna baya.

"Ka ga mutanen banza ko?" in ji Merle. "In sauri kuke ku wuce mana! Hanyar ta ubanku ce?"

"Merle, ruwa ba ya tsami banza. Tsaya ka duba bayan motar nan."

"Ni na ɗaure komai da hannuna. Haushi suke ji sun ga tsoho yana hutawa."

Har ɗaga musu hannu ya riƙa yi, irin na ku je can da halinku. Haka suka yi ta tafiya ana yi musu oda yana mayar da baƙar magana, har suka iso sansanin bakin tafki da la'asar ɗin Juma'a.

Glenda, mai kula da sansanin, tsohuwar ƙawar Arlys, ta fito daga ofis da fara'arta. Tana zagayawa bayan mota fara'ar ta ɗauke.

"Arlys, 'yar'uwa, zo ki gani. Me kuke ja haka?"

Kowa ya san bamba, ƙarfen nan da ke kare bayan motar-gida, rami ce, kuma kowa ya san abin da ake turawa ciki: tiyon da ake zubar da ƙazantar ban-ɗaki da shi. Murfin bakin ramin ya faɗi a hanya. Ga sanda ta zaro fiye da rabi, kanta ya maƙale a jikin tiyon a ciki, gindinta ya lanƙwaso yana taɓa ƙasa. Kwalta ta cinye mariƙin. Kwarmin babban yatsa babu, tudun babu, abin da ya rage wani baƙin guntu ne mai ƙauri, yana warin masai.

Arlys ta tsaya tana kallo. Sai ta juya ta hau mota, ta wuce ɗakin kwana, ta ɗaga kai. Gurbi takwas, sanda takwas. A nata gurbin wata sabuwa ce fil take walƙiya, ko takardar kanti ba a cire mata ba, an ɗaure ta kai da gindi kamar jaririya.

Ta sauko. Merle na tsugune a bakin bamba yana leƙen ramin, wai shi mai bincike.

"Murfin nan ne ba shi da kyau," ya ce. "Kayan zamani duk haka suke."

"Merle Tveit, tashi ka kalle ni."

Ya tashi, amma takalminsa yake kallo.

"A ramin kashi ka sa mini sanda?"

"Haba Arlys, na wanke tiyon fa. Kuma na kwana ɗaya ne, da mun iso zan..."

"Kai ne mai tara mutane kana cewa ba a jingine sanda? Ba a haɗa ta da ƙarfe? Bamba da me aka yi ta, da audugar katifa?"

"Sabuwar ba za ta jure girgiza ba, kanta siriri ne. Taki kuwa na ga ai ta saba wahala."

Ta saba wahala! Maganar nan ta fi mariƙin yi mata ciwo. Ashe cikin sanduna tara da ke motar, da ya tashi neman wadda za a wulaƙanta, bai ko yi dogon tunani ba. Akwai tasa da rabon ta ga ruwa tun suna gida. Akwai wadda ya saya don kifin teku, su da ba sa zuwa teku. Duk suna kwance a kan ƙyalle, tata ce ta cancanci zama da tiyo.

"Uhum," in ji Glenda, ta harɗe hannu. "Ni dai da nawa mijin ne, yau a bambar zai kwana."

"Glenda, ba da ke ake ba," in ji Merle. Sai ya sassauta murya. "To ya isa, tsohuwa. Na yi kuskure. Ga takwas can, zaɓi wadda kike so. Sabuwar ma na ba ki. Sanda ai sanda ce."

"Ɗauko ta."

Ya ɗauko da rawar jiki, yana murna an zo sulhu. Ya ɗora mata a hannun dama. Arlys ta yi ƙoƙarin rufe yatsu a kan siririn mariƙin nan, ta cije leɓe, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Yatsun suka tsaya inda suka saba tsayawa. Sandar ta sulale ta faɗi a kan tsakuwa.

Wallahi sandar ya fara kallo. Har ya sunkuya zai ɗauka ya duba ko ta goge, sai ta tare shi da hannun, ta kai masa shi dab da hanci.

"Nan za ka kalla. Rabonka da ka kalli hannun nan yaushe? Kana tsammanin don ado na yi dankalin? Kana zaune a ofishin likita da ya yi magana, ko kana can kana karatun mujallar kifi?"

Merle ya kalla. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun karkace gefe guda, babban yatsa ya shige ciki. Glenda ta ga abin ya wuce na ba'a, ta sulale ta koma ofis.

"Sai ki sake sassaƙa wani," ya ce a hankali. "Zan sayo miki itacen."

"Da wane hannun? Wancan na yi shi ne lokacin ina iya riƙe magagari. Yanzu murfin kwalbar magani ma Glenda ko wani maƙwabci nake kai wa, don kai in na miƙo maka sai ka ce bari ka gama abin da kake yi."

Ranar ba a dafa komai a motar ba.

Da asubar Asabar tafki ya cika da ƙarar injuna. Jiragen ruwa sai fita suke ɗaya bayan ɗaya, maza da mata cikin manyan riguna suna ta yi wa juna kirari. Merle ya farka ya ɗaga kai, ya ga maratayi fayau. Sanda ɗaya ce kawai a sama, a tsakiya, da baƙin guntun mariƙinta daidai saitin fuskarsa.

Ya fito waje a firgice. Arlys na zaune a teburin katako na bakin motar, ta rungumi kofin gahawa da tafin hannu biyu, ta ba tafkin baya don ba za ta iya kallonsa ba. Sandunansa takwas na jere a kan teburin. Gefensu ga magagari, ga samfefa, ga jakar guntayen itacen da suka rage mata tun wancan hunturun, ga gam. Wurin Glenda ta aro zarto.

"Arlys, jirage sun fita," ya ce.

"Ina da kunne. Zauna."

Ya zauna. Ta tura masa sabuwar sandar da gwiwar hannu, sannan zarton. Ta ajiye kofin, ta shimfiɗa hannun damanta a kan teburin, a gabansa.

"Yanke mariƙin. Ka auna nan, ka sassaƙa, ka gwada, ka sake aunawa. Ba za ka taɓa ruwan tafkin nan ba sai ranar da na taɓa."

Merle ya dubi takardar kantin da ke lilo a jikin sandar.

"Arlys, ban taɓa yi ba fa. In na ɓata ta?"

"Za ka ɓata ta," ta ce. "Ni da hannun yake jikina uku na ɓata kafin na iya. Kai kana da takwas."