Kara Nawa a Rana, Baba?

Madam Philomena ta sa direban ofis ya zuƙi sigari ya hura hayaƙin ta cikin farin hankici, sannan ta ɗaga hankicin sama. Tabo ne ruwan ƙasa, kamar an ɗiga miyar kuka. Ɗalibai goma sha biyu suka ɗauki salati, wasu har da dariya.

Zinariya ba ta yi dariya ba. Tana cikin ɗaliban, ta zuba wa tabon ido.

"Wannan zuƙa ɗaya ke nan," in ji Madam, tsohuwar nas ɗin da aka ɗauko ta koya wa ma'aikatan jin daɗin jama'a yadda za su raba talakawa da taba. Hausarta ta Sabon Gari ce, amma ba ta kwana-kwana. "Ku lissafa shekara talatin. In mutum ya fara tofar da jini, lokaci ya kusa ƙure masa. Amma kada ku yi masa faɗa, kada ku kunyata shi. Ku zauna da shi shi kaɗai, ku dubi idonsa, ku ce, kara nawa kake sha a rana? Daga nan ake farawa."

Zinariya ta rubuta. Ita ke wanke kayan mahaifinta tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, kuma sau uku ke nan tana ganin jini a tsumman da yake cusawa a aljihun 'yar shararsa.

Ta dubi idonsa? Tabɗi! Ita ce 'yar farin Baba Ari. Shekararta ashirin da huɗu bai taɓa kiran sunanta ba, "waccan" yake cewa. In ta shigo tsakar gida sai ya kau da kai, in ya shigo sai ta bar wurin. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka suka tarar ana yi.

* * *

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka ɓalle, kowa na son shadda mai sheƙi, masu bugu na Fagge ba sa samun sukunin miƙe baya. Duk Laraba motar kamfanin taba takan tsaya kusa da Kantin Kwari da lasifika, a saki kiɗa, a yi ta raba kara-kara kyauta ga 'yan dako da masu turin kura. Cikinsu aka tura Zinariya gwajin aiki, kuma wallahi ta iya. Takan tsuguna gaban ɗan dako ta tambaye shi kamar ƙanwarsa, har ya buɗe mata cikinsa. Mutum huɗu suka rage shan taba a wata guda.

A gida kuwa tarin Baba ya canja murya. Da can busasshe ne, yanzu kamar ana jan guga a rijiya mai laka. Duk sanda ya sarƙe shi, sai ta tsaya cak da abin da ke hannunta har sai ta ji ya ja numfashi.

"Inna, ki yi masa magana mana," ta ce wa mahaifiyarta a madafa.

"Na yi, ya ce sanyi ne."

"To ni zan yi."

Inna ta saki ludayi. "Ke! Kanki ɗaya kuwa? Bokon ne zai sa ki tsaya gaban ubanki ki tuhume shi? Kada ki ja mana abin faɗa a unguwa."

Tsoro ya hana ta sakat, har ya haifa mata dabara. Ai 'yar fari in tana da magana da uba, ta bakin wani take bi. Ranar Litinin da hantsi ta yafa mayafi ta nufi rumfar masu bugu, inda Baba ke aiki da amininsa Malam Hambali. Ta gaishe su a tsugune, ta juya wa mahaifinta gefe, ta fuskanci Hambali, mutumin da ko warin taba ba ya so.

"Baba Hambali, an turo mu ne mu faɗakar. Mai shan taba in ya fara ganin jini a tsummansa, asibiti ya kamata ya je, tun kafin..."

Mabugai suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai ne a rumfar, mutum ɗaya ke da sigari a bayan kunne, kuma kowa ya san wace ce ke masa wanki. Baba Ari bai ɗago ba. Ya ajiye mabuginsa a hankali, ya gyara hula, ya fita ta bayan rumfa. Hambali ya girgiza kai.

"Kayya, 'yar nan. Da kin same ni a gida."

Nan ta gane ta tafka abin da aka ce kada su yi, a gaban abokan sana'arsa kuma.

* * *

Daga ranar bai sake ba da wanki ba. Shi ke wanke tsummansa a bayan gida. In tari ya taso masa sai ya toshe baki da matashi, don kada waccan ta ji. Shirun ya fi tarin firgita ta. Takan wuce ƙofarsa sau goma tana kasa kunne, ta rasa ko sauƙi ya samu ko abin ya ci ƙarfinsa ne. Sati na uku ya daina zuwa rumfa.

Ta faɗa wa Madam komai tana kuka. Madam ta miƙa mata takardar da suke cikewa kan kowane mutum.

"Je ki tambaye shi. In ba za ki iya duban idonsa ba, dubi bango. Amma shi kaɗai."

Bayan la'asar ta zauna a dokin ƙofarsa, ta ba labulen baya. Inna na ciki tana masa fifita, ba yadda za a yi da ita.

"Baba, ka gafarce ni. Kara nawa kake sha a rana?"

Da muryarsa ta fito, da ƙyar ta gane ta, kowace kalma sai ya huta, da Inna kuma yake magana.

"Gaya mata... ta kwantar da hankalinta. Na daina tun Juma'a."

Wani daɗi ya taso mata, ta buɗe baki za ta yi hamdala.

"Na kunna," ya ci gaba, "na ja... ya ƙi jawuwa. Numfashin ba ya kaiwa."

Mafificin Inna ya tsaya. Zinariya ta dubi takardar da ke cinyarta. A ƙasa akwai gurabe biyu, ɗaya an rubuta "yana sha", ɗaya "ya daina". Ta ɗora bakin biro a kan na biyun, ta kasa dannawa, tana jin yadda yake kokawa da iska a bayan labule.