Faifai na Bakwai a Tukunyar Toka

"Ba ƙafa gare shi ba, Kulsum! Faifai goma sha uku Shitu ya kawo daga Kano, yanzu goma sha biyu nake gani. Ina na bakwai?"

"Ni ka ba wa ajiya, Malam?"

"Ke kika share ɗakin."

"To wataƙila na haɗa da shara."

Goggo Asibi na tsaye a bayan katanga, wai tana juya shanyar kuɓewa. Kuɓewar nan tun jiya ta bushe ƙayau, amma wa zai bar gindin katanga ana irin wannan? Shekara goma sha biyar tana maƙwabtaka da Malam Abdussalami a Kiru, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ko ga akuya ba. Yau ga shi yana faɗa, yana tsayawa ya yi haki, ya sake ɗorawa.

Shi Malam tsohon mai buga tafireta ne a ofis. Da ya bar aiki sai ya sayo kwamfuta ta hannu, ya kafa ta a zaure. Malaman makaranta daga Yako har Kafin Maiyaƙi wurinsa suke kawo takardun jarrabawa, ga masu katin biki, ga masu neman aiki. Da ita yake ciyar da Kulsum da 'ya'yansu mata uku, Luba ce babba. Tun tsakiyar damina ciwon hanta ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, ido ya koma kamar garin ɗorawa. Da zaure ya gagare shi sai aka shigar masa da kwamfutar ɗaki, gefen katifa.

A kakar nan ta casa'in da biyar aka fito da wani sabon tsari na kwamfuta, ƙaninsa Shitu ya samo masa a 'yan faya-fayai baƙaƙe kamar tafin hannu. Ɗaya bayan ɗaya ake zura su, ta haɗiye wannan ta nemi wancan. Da safe Malam ya zura shida, barci ya sace shi.

"Don ke nake yi," in ji Malam, muryarsa ta sauko. "Tsohon tsarin baƙin allo ne, sai an rubuta masa umarni da Turanci. Wannan hotuna ne, nunawa kawai za ki yi. Kin yi firamare, kin iya haruffa. In kin iya wannan, babu mai kwasar ki da yara ya mayar Doguwa ki zauna a ƙarƙashin matan yayyenki."

"Ba zan koya ba."

"Don me?"

"In na koya sai ka tafi."

Goggo Asibi ta ɗauka an gama. Can ta ji ya ce, "Ko kin koya ko ba ki koya ba, uwar Luba."

Kuɓewar da ke hannun Goggo ta zube. Don faifan nan yana ɗakinta. Da hantsi Kulsum ta miƙo mata shi ta kan katanga, ta ce, "Goggo, ɓoye min inda ko aljani ba zai gani ba, abin nan cinye shi yake yi." Ita kuwa Goggo wuri ɗaya ta sani na ajiyar abu mai daraja: tukunyar da take binne irin wake a cikin toka don kada ƙwari su taɓa. Nan ta cusa shi har wuyan hannu, ta mayar da murfi.

Ta shiga ɗaki da sauri ta tono shi. Ya fito fari fat kamar ɗan dambe ya sha ƙasa. Ta hure, ta goge da bakin zane. Ta ga wani ɗan ƙarfe a kansa yana zamewa, ta zame shi, ga toka har ciki. Sai ta lashi yatsa ta goge da kyau, yadda ake cire wa yaro abu a ido.

"Salamu alaikum. Malam, ya jiki? Kun ga abin da na tsinta a bakin rariya."

Malam ya dubi faifan, ya dubi tokar da ke gwiwar hannunta.

"Rariyarku da toka take gudana, Goggo?"

"Kai dai karɓi abinka, ɗan nema."

Kulsum ta miƙe. Ita ta fita ta ja janareta da kanta, ta dawo ta tsuguna kusa da shi. Aka sake farowa daga na ɗaya. Da aka zo na bakwai kwamfutar ta yi ƙurr, ta yi ƙurr kamar mai shaƙewa da ƙashin kifi, ta ƙi. Sau huɗu Malam yana cirewa yana mayarwa.

"Ya mutu," ya ce. Da ya ga fuskar Goggo sai ya ƙara, "Ba komai. Wake dai ba zai yi ƙwari ba bana."

Ran nan Laraba ce. Shitu yana koyarwa a Yako, ba shi da halin zuwa Kano sai Asabar, wanda zai kwafa masa wani faifan kuma ya yi tafiya. Sai Litinin ya sauko daga ƙaramar bas da sabon faifai a aljihun gaba. Kwana biyar ke nan kwamfuta na zaune, ba tsohon tsari ba sabo. A kwanakin nan Goggo Asibi ta daina zuwa gindin katanga, abin da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta ba. Kullum sai ta dama kunun tsamiya ta kai. Ran Alhamis ya sha rabin kofi. Ran Lahadi cokali biyu.

Bayan la'asar aka jingina shi da filo uku. Shitu ke zurawa, Malam na faɗa masa abin da zai danna. Da aka zo na bakwai Goggo ta rufe ido tana salati. Ya wuce. Na goma sha uku ya wuce. Gilashin kwamfutar ya yi duhu, sai ga sararin sama shuɗi da gizagizai farare, sannan wani fili kore-kore da 'yan hotuna a jere.

"La'ilaha! Hadari a cikin akwati?" in ji Goggo.

"Kai," Malam ya ce a hankali, idonsa na ƙyalli. "Shekara talatin ina kallon baƙi da fari. Ku dubi nan, har da kwandon shara."

"Wa zai zubar musu?" in ji Goggo.

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa sai ya ce, "Kawo hannunki." Ya ɗora hannun Kulsum a kan wani ɗan abu mai wutsiya, ya ce ɓera sunansa, ya ɗora nasa a kai. Wata 'yar kibiya ta motsa a gilashin. Kulsum ta zabura, kibiyar ta gudu kusurwa ta ɓuya.

"A hankali. Ba tuwo kike tuƙawa ba."

Ya nuna mata inda ake dannawa farar takarda ta buɗe. Sau uku ta yi, a na uku ba da hannunsa ba. Da yatsa ɗaya ta nemo haruffa ta rubuta sunan Luba. Ya nuna mata yadda ake ajiyewa, da yadda ake kashewa, wai sai ka danna wurin farawa tukuna.

"Mutanen nan da juyayyen kai," in ji Goggo.

"Gobe firinta," Malam ya ce. Kansa ya riga ya karkata a filo. "Gobe in nuna miki yadda ake fitarwa a takarda. Mai sauƙi ne."

Talata da hantsi, Goggo na tsintar wake, ta ji kukan Luba. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ajiye faifan kaba, ta ɗauki mayafi. Kafin azahar an kai shi.

Bayan sadakar bakwai, da baƙin Doguwa suka hau mota, Shitu ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Goggo na ciki, ta zo taya Kulsum zaman takaba.

"Yaya Kulsum, akwai mai son kwamfutar nan a Kano. Gara a rabu da ita tun tana da daraja, a sa wa yara a wani abu."

"Ba zan sayar ba."

"Me za ki yi da ita? Darasi ɗaya fa ya yi miki! Ko fitar da takarda ba ki iya ba."

"Kai ka iya ai."

"Ni zurawa kawai na yi, shi yake faɗa min." Ya juyo ga Goggo. "Da wasu ba su binne masa kwana biyar a toka ba, da yanzu ba wannan maganar muke ba."

Goggo Asibi, wadda duk Kiru babu mai kai ta ƙasa da baki, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni na ba ta," in ji Kulsum. "In faɗa za ka yi, ga ni. Hedimasta ya aiko da takardar jarrabawa jiya, ya ce zai jira. Zan buga. Fitarwar ma zan lalubo."

"Allah ya ba da sa'a!"

Ya juya ya fice. Ƙyauren langa-langa na zaure ya bugu har kaji suka watse.

Kulsum ta yaye zanen da aka lulluɓe kwamfutar da shi, ta aiki Luba ta ja janareta. Gizagizai suka zo suka wuce. Ta buɗe farar takarda.

"Goggo, riƙe min wannan in riƙa gani."

Goggo ta karɓi takardar hedimasta da hannu biyu, ta ɗaga ta daidai fuskar Kulsum, rubutun kai a ƙasa. Kulsum ta miƙa hannu ta juya mata ita, sannan ta sunkuya tana neman harafin farko da yatsa ɗaya.