Zauren Farfesa Toka

Mai gabatarwa yana tsaka da karanto tarihin Farfesa, bai ma iso ƙasashen da ya je taro ba, sai wani farin gari ya zubo wa Farfesan a hannun riga. Ya kaɗe. Wani ya sake zubowa. Ya ɗaga kai.

Yau jami'a ke buɗe sabon zauren taro, kuma sunansa aka sa wa ginin. Shekara talatin ya yi yana bincike a kan abu ɗaya: yadda za a rage siminti a kankare, a cike gurbin da tokar buntun shinkafa. Da wannan tokar ya zama dakta, da ita ya zama farfesa, har ɗalibai ke kiransa Farfesa Toka a bayan idonsa. Tun da safe yake juyi gaban madubi da rigar girmamawa, sai da matarsa ta ce idan ya ƙara juyi ɗaya hular za ta yi amai.

A saman kansa, inda ginshiƙi ya tokare benen da ɗalibai suka cika maƙil, akwai tsaga a karkace. An shafe ta da fenti, fentin ya sake buɗewa. Duk lokacin da ɗaliban suka buga ƙafa suna shewa, sai garin ya zubo.

"Baban yara, daina kallon sama, ana ɗaukarka hoto," in ji matarsa.

Ya miƙa hannu ta bayan kujera, ya karci ginshiƙin da makullin mota. Makullin ya shige kamar a sabulu.

Ɗan kwangilar da ya yi ginin yana layin baya, yana ta washe baki. Tsohon ɗalibinsa ne. Farfesa ya yafito shi, ya zo ya durƙusa.

"Me ka zuba a ginshiƙin nan?"

"Bincikenka ne, Malam! Don girmama ka muka yi. Toka muka sa."

"Nawa?"

"To, ai da muka ga abin yana da albarka, ga sauƙi, sai muka ɗan sake hannu."

"Kashi ɗaya cikin biyar na ce. Ka karanta takardar kuwa?"

"Na karanta farkonta, Malam."

Farfesa ya karkata wajen Shugaban Jami'a, ya raɗa masa cewa a fitar da mutane yanzu. Murmushin Shugaba bai motsa ba, saboda masu hoto.

"Farfesa, ka rufa mini asiri. Ga manyan baƙi, ga 'yan jarida. Ka yi jawabinka, mu yanke ƙyalle, gobe na kafa kwamiti."

"Benen nan bai san kwamiti ba, ranka ya daɗe."

"Sunanka ne fa a jikin ginin. Ka yi tunani."

Ya yi tunanin. Ya tuna abokan aikinsa da suka daɗe suna cewa binciken nasa sharar murhu ce, ga su can a layi na biyu sun harɗe ƙafa. Gobe za a ce tokar Farfesa ta rushe zauren Farfesa. Jawabinsa na cikin aljihu, wata guda yana gyara shi, har da wurin da zai ɗan yi shiru a yi tafi.

Aka kira shi. Ɗalibai suka miƙe gaba ɗaya suna tsalle, wani ɓawon fenti ya faɗo cikin kofin ruwan Shugaba.

Farfesa ya riƙe makirufo. Idan ya ce gini zai faɗi, a ƙofa za a tattake yara. Ya gyara murya.

"Jama'a, an sanar da ni abinci ya iso, yana can filin ƙwallo. Akwai nama, amma ba zai ishi kowa ba. 'Yan sama za a fara ba, layi-layi. Duk wanda ya yi gudu ko ya ture wani, ni da kaina zan kayar da shi jarrabawa."

Bai taɓa ganin ɗalibai sun bi umarninsa da natsuwa irin ta yau ba. Suka sauko sumul kamar masu raka amarya. Malamai suka bi bayansu, waɗansu farfesoshi har da ɗan sauri. Da zauren ya zama wayam, ya sa mai gadi ya datse ƙofa, ya karɓi makullin ya jefa a aljihu. Sannan ya tsaya a kan matakala ya faɗa wa 'yan jarida gaskiya, da bakinsa, a ƙarƙashin sunansa da aka rubuta da manyan haruffa.

Babu abinci a filin ƙwallo. Ɗalibai suka yi ta ihun "Toka! Toka!" Shugaba ya shige mota ko sallama babu. Ɗan kwangila kuwa tuni ya sulale.

Ginin yana nan tsaye, fes, rana na haska fentinsa.

A mota matarsa ta cire masa hular ta ɗora a cinya. "Ni dai na yi sabon ɗinki a banza. Ginin zai faɗi kuwa?"

"Zai iya faɗuwa yau. Zai iya kai shekara goma."

"Idan ya kai shekara goma, ka san mahaukaci za a ce da kai."

"Na sani."

Ta ga ya ƙura wa ginin ido ta madubin gefe, leɓɓansa na motsi.

"Baban yara, tsakaninka da Allah, addu'ar me kake yi? Ya tsaya, ko ya faɗi?"

Farfesa ya taɓa kafaɗar direba, ya ce ya rage gudu.