Akwatin Kunnen Auta

Tun da zazzaɓi ya taɓa kunnen Auta, babanta bai sake samun natsuwa ba. Shi mai gyaran rediyo ne, ƙaramin shagonsa na jikin gida. Da ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, sai ya kafe cewa ba za ta je ba sai ya tabbatar tana jin malamai, kada ta zama abin dariya a aji.

Ya haɗa mata ɗan akwati da hannunsa: makirufo, abin ƙara sauti, da kebul ɗin USB da za ta soka a wayarta. Wayar ce za ta ba shi wuta, sauti kuma ya fito ta abin kunne. Ya gwada a kan teburinsa, ya ji har numfashin telan da ke maƙwabtaka yana shigowa. Auta ta ce yana yi, shi kuma ya sa albarka ta fara zuwa.

Wata safiya ya tarar da akwatin a kan taga, Auta ta riga ta fita. Ya sa takalmi zai bi ta, sai ya ce bari ya fara gwadawa a tasa wayar. 'Yar fitilar jikin akwatin ta kawo, ta yi ƙifi-ƙifi, ta mutu. Wayar ta rubuto cewa na'urar tana jan wuta fiye da ƙima.

Ya koma shago. Ya canza kebul, haka. Ya ari wayar tela, haka. Ya sa mitar awon wuta, nan ya ga laifinsa: kullum da wutar teburin gyara yake gwaji, wadda ba ta rowa, waya kuwa ɗan kaɗan take bayarwa, abu ya wuce nan ta katse. Ashe akwatin bai taɓa aiki a waya ba. Ya duba bakin kebul ɗin farko, babu ko ƙarzuwa, sai ƙura a ciki.

Ya sami matarsa a kicin tana wanke tukunya. Ya ajiye akwatin a gabanta. Ta daɗe tana cuɗa tukunyar da ta riga ta fita kafin ta yi magana. Ta ce tun ranar farko akwatin ya mutu, yayan Auta ne ya sayo mata abin ji na kanti, ɗan mitsitsi, tana rufe shi da ɗankwali. Tela ma ya sani, domin shi ya karɓi saƙon.

"Ni kaɗai ne bare a gidan nan ke nan," in ji shi.

"Baban Auta, da mun faɗa maka, da har yau tana zaune tana jiran ka gama narka dalma. Ka san halinka."

Ya tuna yadda yake tare abokan ciniki yana ba su labarin akwatin, tela na gefe yana gyaɗa kai.

Ya wuni a shago ko abinci bai ci ba. Ya cire babban abin ƙara sautin ya sa ƙarami, ya cire fitilar gaba ɗaya. Da la'asar ya soka akwatin a waya. Bai katse ba. Ya jefa shi a aljihu ya zauna a ƙofar shago.

Auta ta dawo da fararen kayan makaranta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kalli ɗankwalin da ta ja har ya rufe kunnuwa. Ya sassauta murya ƙwarai, yadda ko mai lafiyar kunne sai ya saurara, ya tambaye ta ko abin bai ba ta matsala yau ba.

"Ko kaɗan, Baba. Har malama ta ce in gaida wanda ya haɗa shi."

Ya ce ya amsa. Ta shige gida tana kiran mamarta, shi kuma ya zauna hannunsa a aljihu, har tela ya leƙo ya tambaye shi ko ya gama da wayarsa.